Akwatin Inna Malama

Masu karatu, na san kun saba ganin sunana ne a saman labarin soyayya ko na rikicin kishiyoyi, to yau ku yi mini haƙuri, abin da na zo da shi ba ƙagaggen labari ba ne, babu Alhaji mai dukiya a ciki, babu budurwa mai gashi har gadon baya. Labarin kakata ne wadda ta haifi mahaifina, wadda Allah ya yi wa rasuwa a garin Batsari cikin watan Agusta na 2024. Tun daga lokacin nake ɗaukar biro ina ajiyewa, domin ita ce ta fara ɗora hannuna a kan fensir, kuma ita kaɗai ce har na girma na tara 'ya'ya gabana yake faɗuwa in na ji an ce littafina ya shiga hannunta.

Duk garin Malama ake ce mata, mu jikokinta kuwa muka haɗa biyu muna cewa Inna Malama. Ita kuma ban taɓa jin sunana na yanka a bakinta ba, kishiya take ce mini kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu mata, ko da a gaban surukaina ne. Ba a rubuta ranar haihuwarta ba, amma takan ce tana da wayonta sarai lokacin da labari ya iso ƙasar Ruma cewa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu, a 1944 ke nan, ta ce a ranar haƙorinta na gaba yana girgiɗi. Da wannan haƙorin muka yi mata lissafi, muka tsayar da shekarunta 87 a ranar da ta cika.

Yadda aka yi ta shiga boko ma abin tausayi ne, kodayake ita da dariya take ba da shi. Sarki Dikko ya buɗe wa 'yan mata makaranta a cikin gidansa tun wajen 1930, amma a ƙauyukanmu ko bayan shekara goma sha biyar da yin haka, in aka ce za a ɗauki ɗiya mace a kai ta boko to kamar an ce za a kai ta kabari ne. En'e takan aiko wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya duba gidan da ba su da bakin magana. Ita mahaifiyarta ta rasu tun tana goye, tana hannun kishiyar uwa. Da dogari ya tsaya a ƙofar gida, matar nan ta tura nata 'ya'yan cikin rumbu, ta jawo marainiya ta miƙa. Mata suka cika gidan da kuka, wata tsohuwa har da cewa shi ke nan yarinya ta zama ta Nasara. Daga elementare aka wuce da ita makarantar kwana ta 'yan mata, daga nan aka tura ta Kano horon malanta, ta dawo a 1956 da takardar malanta mai daraja ta uku. Albashinta na farko turmin atamfa ta saya ta kai wa wannan kishiyar uwar, kuma a ɗakinta matar ta ƙare rayuwarta, ita ta yi jinyarta. Na taɓa tambayarta ko ba ta ji haushi ba, sai ta ce, “Haushin mi? Ita ta kai ni inda 'ya'yanta suka zo suna roƙon in karanta masu takarda.”

Kakanmu malamin daji ne na En'e, aikinsa kula da Dajin Rugu kada a sare itacen da aka hana, kada a cinna wuta ba bisa ƙa'ida ba. Duk inda aka mai da shi sai a mai da ita, ta koyar a Safana, ta koyar a Runka, ta yi Wagini, kafin su dawo Batsari su zauna dungurungum. Dajin nan da yau in an ambaci sunansa hantar mutum take kaɗawa, a bakin Inna Malama wurin zuma ne da kanya da ɗinya da tsada. Takan ce kakanmu ya kan hau kekensa ya shiga ya yi kwana uku, dare ya yi masa ya sauka a rugar da ya tarar, a ba shi shimfiɗa da fura, ya dawo da man shanu a cikin ƙwarya an rufe da faifai. Ko sanda ba ya riƙewa sai don maciji.

Ta ga zamani iri-iri a cikin aji. Ta koyar da lissafin fam da sule da kwabo, rana ɗaya a farkon 1973 aka ce a koma naira da kwabo, ta ce ita kanta sai da ta kwana uku tana bita kafin ta tsaya gaban yara. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975 abokan aikinta maza suka sayi rediyo da babur, wasu suka ƙara aure, ita ta sayi keken ɗinki da wani baƙin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wanda ya zauna a ƙarƙashin gadonta shekara kusan hamsin, makullinsa a ɗaure a bakin zanenta. Amma lokacin da ta fi yawan ambata shi ne 1976, da gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Yara suka yi ambaliya, aji ya kasa ɗauka, aka koma gindin bishiya da allo a jingine. Maza ne suka fi yawa, 'yan mata kuwa a rubuta sunansu yau, gobe a neme su a rasa, suna can tasha da farantin talla. Inna Malama ta gane cewa wa'azi ba zai yi wa uwar da take tara kuɗin kayan ɗakin ɗiyarta da ribar talla amfani ba, sai ta sauya dabara. In ta hangi yarinyar ajinta da faranti sai ta tambayi kuɗin kayan gaba ɗaya, ta biya, ta ce a kai gidanta, ita kuma yarinya ta wuce aji. Kowa ya san Batsari da rogo, to mahaifina ya ce akwai watan da suka ci dafaffen rogo da ƙuli safe da rana da dare har suka fara ɓuya in sun ji sallamar 'yar talla. Har ya tsufa ba ya cin rogo.

Akwai yaro ɗaya da ba ta taɓa mantawa da shi ba, ɗan Fulani ne daga wata ruga a gefen Runka, bahago, wanda ta ce a shekara 35 da ta yi tana koyarwa ba ta ga mai kan lissafi irinsa ba. Zango biyu ya yi uban ya cire shi saboda babu mai bin shanu. Sau biyu tana takawa da ƙafa har rugar, a karɓe ta da mutunci, a cika mata ƙwarya da nono, a ce ta yi haƙuri. Ku riƙe wannan yaron, zan dawo kansa.

Ni na shiga ajinta a 1987, shekarar da aka cire mu daga Kaduna aka ba mu Jihar Katsina. Ranar farko na shiga da taƙamata, ajin kakata ne, na ɗaga murya na ce, “Inna, fensirina ya karye.” Ta zo har inda nake, ta ce in miƙo hannu, ta zuba mini tsumagiya biyu masu kyau, ta ce, “Inna tana gida. Nan Malama ce.” Da muka koma gida ita ce ta shafa mini man shanu a tafin hannu tana ce mini ragguwar kishiya. A wannan ajin na ga yadda take da ƙa'idar rubutu kamar ibada. In ka rubuta ƙ babu lanƙwasa sai ta sa ka tashi ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, yaron da ya so ya ce ƙafa ya ce kafa, wanda ya so ya ce ɓata ya ce bata, aji ya kwashe da dariya, daga ranar ba ka ƙara mantawa. Ranar Juma'a kuwa in mun yi ƙoƙari takan karanta mana Magana Jari Ce, tana sauya murya, ta yi ta sarki ta yi ta aku, kuma ba ta fasa tuna mana cewa mai littafin, Abubakar Imam, malamin makaranta ne a nan Katsina kafin ya tafi Zariya.

Sai dai makarantar da ta fi yi mini tasiri a tsakar ɗakinta take, bayan sallar isha'i. A wancan lokacin babu wayar hannu, mazan garin da yawa suna ci-rani a Legas da Ibadan da Kaduna, matan kuma ba su iya karatu ba, ba kuma kowace magana ce mace za ta kai wa namiji ya rubuta mata ba. Sai su lulluɓa su zo wurin Malama. Ta kunna fitilar ƙwai, ta sa tabarau, mace ta zauna a bakin gado tana faɗa tana rubutawa. In ta gama sai ta karanta mata daga farko, in akwai kalma mai zafi ta tsaya a kanta ta ce, “A bar ta haka?” In an ce a bari ta bari, in an ce a cire ta cire, ba ta taɓa sassauta maganar wata ba tare da izininta ba. Sannan ta kwafe wasiƙar a wani babban littafi mai baƙin bango, saboda wasiƙa takan ɓace a hannun direba, in ta ɓace ba sai mace ta sake zuwa ta tona cikinta ba. Littafin ya koma akwati, kwaɗo ya rufe. Ko sisin kwabo ba ta karɓa.

Ni kuma a ɗakin nake kwana. Sai in ja zane in rufe kaina in yi lamo kamar mai barci, kunnena kuwa a buɗe. A nan na fara jin yadda mace take magana in ta tabbata babu namiji a kusa, yadda ake roƙo ba a zubar da girma ba, yadda ake cewa yara suna gaishe ka alhali ita ce take kewa. Duk wanda ya taɓa ce mini maganganun matan da ke cikin littattafaina kamar a gidansu aka ɗauko, to daga ƙarƙashin wannan zanen suka fito.

Ta yi ritaya a 1991, ta sauke farali da kuɗin sallamarta, ta dawo da haƙorin Makka guda ɗaya. Wahalar fansho kuwa ba sai na faɗa wa wanda yake da tsohon ma'aikaci a gida ba. Akwai shekarar da aka kira su tantancewa a wani ofishi a Katsina, ta wuni a layi, da aka zo kanta yaron da ke kan tebur ya ce sai ta kawo shaidar tana raye. Ta leƙa takardar da ke gabansa ta ce, “Ɗana, kafin nan gyara nan, ba haka ake rubuta Batsari ba.” Mutanen layi suka yi ta dariya, ya buga mata hatimi ba shiri.

Burinta a kaina shi ne in yi kwalejin horon malamai in gaje ta. Na gama sakandare a 1998, sakamakona bai yi muni ba, har ta sa an karɓo mini fom. Ni kuwa lokacin soyayya ta rufe mini ido, na ce aure nake so, kuma ba wanda ya tilasta mini, kada in ɗora wa iyayena laifin da ba nasu ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke fom ɗin ta sa a akwati, ta hau keke ta ɗinka mini zannuwan gado da labule da hannunta. A 1999 aka kai ni Kano.

A Kano na tarar da kasuwar littafi tana ci. Na riga na karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a ɓoye tun muna makaranta, na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ga Anti Bilki Funtuwa 'yar jiharmu da Allura Cikin Ruwa, na ce ashe mace tana daga ɗakinta za ta iya. Na fara rubutu a littafin makaranta mai shafi tamanin, maigidana ya taimaka da kuɗin bugu, a 2004 littafina na farko ya fito, ya kuma karɓu fiye da zatona. Har Batsari ya kai, masu baza littattafai ranar Alhamis a kasuwa suna sayarwa, masu ba da haya suna bayarwa kwana ɗaya-ɗaya. Ina ta jiran saƙon yabo daga Inna Malama. Saƙon da ya zo ta bakin ƙanin mahaifina shi ne, ta ce in zo gobe, kada in jibi.

Abin da ya faru shi ne, tauraruwar littafin nan ba ni na ƙirƙire ta ba. Wajen 1990, ina 'yar shekara tara, akwai wata maƙwabciyarmu da mijinta ya daɗe a Legas, ya zo sau ɗaya ya yi 'yan kwanaki ya koma, ta haifi ɗiya mace bayan tafiyarsa. Ta yi ta aika wasiƙa babu amsa. Ran nan amsa ta zo, ta kawo wa Malama da murnarta. A cikin ambulan akwai takardar naira biyar, da saki, da maganar cewa shi bai yarda ɗiyar nan tasa ba ce. Ina ƙarƙashin zane na ji Inna ta yi shiru mai tsawo kafin ta karanta, na ji matar ta ce, “Malama, don Allah maganar ɗiyar nan ta tsaya a ɗakin nan.” Aka sanar da dangi saki, aka binne sauran. To wannan na ɗauko. Na sauya suna, na mai da garin wani gari, amma na bar Legas, na bar naira biyar ɗin, na bar maganar kamar yadda aka faɗe ta, saboda ta yi mini daɗi a labari. Ɗiyar kuwa ta zama budurwa, har an kawo kuɗin gaisuwarta. Ita ce ta karɓo hayar littafin, ta zauna tana karanta wa uwarta da dare don nishaɗi. Da ta zo kan naira biyar uwar ta fashe da kuka, yarinya ta tsare ta da tambaya, a daren ta ji abin da aka ɓoye mata shekara goma sha huɗu.

Na iso na tarar da Inna zaune a kan darduma, littafin a gabanta. Ba ta amsa gaisuwata da wasan da muka saba ba.

Ta ce, “Ashe ba barci kike ba.”

Na ce, “Inna, ai labari ne, na sauya sunaye.”

Ta ce, “Kin sauya ma wa? Mutanen Kano? Su dama ba su san ta ba. Wadda ta san kanta fa? Matar nan ni ta ba amana, a ɗakina, bisa gadona. Shekara nawa mata na shigowa nan, ko kakanku bai taɓa jin kalma ɗaya ba har ya koma ga Allah. Yau ga shi ana haya naira goma.”

Wallahi da ta ɗauko tsumagiya ta zane ni da ya fi mini sauƙi. Ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Muka shiga gidan matar, tsohuwa mai shekara kusan saba'in, wadda hakimai suke russuna mata, ta durƙusa a tsakar gida tun kafin ni in durƙusa, ta ce laifinta ne da ba ta duba ko yarinya ta yi barci ba. Matar ta rikice tana ɗaga ta. Ni kuma ta ce ta yafe mini, amma ba ta kalle ni ba, kuma na san bambancin yafewar baki da ta zuciya. Kashi na biyu na littafin yana wurin masu bugu a lokacin, na je na janye shi, kuɗin da aka zuba suka bi ruwa, masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙun zagi wai na bar su a rataye. Wasunku na san har yau suna tambayar ina ci gaban yake, to ga amsar da ban taɓa bayarwa ba. An yi auren yarinyar, Allah ya rufa asiri maganar ba ta fita ba, amma har yau in muka haɗu a gidan biki ko na rasuwa sai ta sauya wurin zama, kuma ban ga laifinta ba.

Na zaci daga nan Inna za ta ce in bar rubutu, ba ta ce ba. Duk littafin da na fitar ina aika mata, ba ta taɓa cewa ya yi ko bai yi ba, iyaka ta ce ya iso. A 2007 da aka tara littattafanmu na Hausa aka cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya, ana ta kiranmu masu lalata yara a rediyo, na kira ta a waya ina tsammanin za ta ce Allah ya ƙara. Sai ta ce, “Malamin da ya ƙona littafin yaro ai ya gaji da aikinsa ne. Jan biro aka yi don mi?”

Shekarunta na ƙarshe su ne masu nauyi, ba don tsufa ba. Abin da ya faro da satar shanu ya koma kisa da ɗaukar mutane. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma a 'Yar Gamji har mutane suka ɗauko gawawwakin suka kawo Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairu na 2020 aka shiga Tsauwa da Dankar aka kashe mutum talatin. Mata da yara suka riƙa kwararowa cikin Batsari da ƙullin kaya a ka, aka zuba wasu a azuzuwan firamare, har da ajin da ta yi mini bulala. Ta sa jikanta ya riƙa ɗaukarta a babur yana kai ta, ta zauna a kujera da sandarta, ta tara yaran tana koya musu a, ba, ca a ƙasa da tsinke. Da yawa daga iyayen da kakannin ɗalibanta ne, tana ganin fuska sai ta faɗi sunan uba da garinsu. In aka ce mata an kashe wane, sai ta yi salati ta ce, “Yana zama layi na biyu wajen taga.”

A irin wannan zaman ne ta sake tayar da maganar bahagon yaron nan na Runka. Ba ta taɓa ba wa masu kisa uzuri ba, tana yi musu Allah ya isa a fili, kuma takan ce Fulanin da ta sani su ma an kore musu shanu an raba su da rugagensu. Amma ta ce mini in dare ya yi ta ji harbi daga nesa, sai ta kama tunanin ina jikokinsa suke, ko akwai wanda ya taɓa kiran sunansu a rajista ya ji sun amsa. Ta ce, “Sau biyu na je. Da na sani na je sau goma.”

Mun yi da ita ta dawo Katsina ko Kano har mun gaji. Mahaifina ya kama mata ɗaki, ni na je da mota har ƙofar gida na yi kuka na yi fushi. Ta ce ita da ta shiga Rugu a bayan keke ba za ta mutu a gidan haya ba, kuma in ta tafi wa zai karanta wa matan nan takardar asibiti.

A watan Satumba na 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, har da Batsari da Safana, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka. Fiye da wata uku ba mu ji muryarta ba. In aka ce an kai hari sai dai mu zauna da carbi mu jira wanda zai fito daga garin. Rannan sai ga wani direba ya kawo mini ambulan ta hannun 'yan'uwa a Katsina. Ina buɗewa na ga rubutunta, ya yi manya-manya saboda ido, amma kowace lanƙwasa tana wurinta. Ta fara yadda aka koya musu, takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga kishiyarta, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Bayan haka ta ce suna lafiya, gero ya yi kyau a gonakin kusa da gari, na nesa kuwa ba a noma ba. Ta ce in aiko mata da biro goma da ambulan da littafi mai baƙin bango babba, domin aikinta ya dawo. Ashe da waya ta ɗauke, matan garin da 'yan gudun hijira sun koma lulluɓowa suna zuwa ɗakinta bayan isha'i kamar shekara talatin baya. Sai dai wasiƙun yanzu na neman taimakon kuɗin fansa ne, da na sanar da miji abin da ya sami matarsa ko ɗiyarsa a daji, irin maganar da ko a waya ba ta faɗuwa. Tana da shekara 84 a lokacin.

Ciwon ajalinta bai wuce kwana huɗu ba, zazzaɓi ne. Ta cika bayan sallar asuba. Kafin in taso daga Kano, ga shi direbobi ba sa shiga hanyar Batsari sai rana ta ɗaga, na iso an riga an kai ta. Ban ga fuskarta ba. Mutanen da suka yi mata salla an ce rabonsu da ganin taro irinsa an daɗe, akwai alƙali, akwai likita, akwai masu faskare, kowa yana cewa Malamarmu.

Ranar sadakar uku da dare gwaggona ta kira ni ɗaki, ta miƙo mini makullin nan da ke bakin zane, ta ce Inna ta bar wasiyya cewa ni zan buɗe akwati. A sama na tarar da takardunta na aiki, da hoton kakanmu da kekensa, da fom ɗina na 1998 a ninke yadda ta sa shi. A ƙarƙashi littattafaina ne guda goma sha ɗaya, an ɗaure da tsumma. Na buɗe na farko, jan biro ko'ina, duk inda mai buga littafi ya haɗe kalmomin da ya kamata a raba ta raba, duk ƙ da ɗ da ɓ da aka bari tsirara ta sa musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. A shafin naira biyar ta ja layi daga sama har ƙasa ta rubuta a gefe, “Ba naki ba ne.” A bangon baya ta ba ni 3 bisa 10. Na bi sauran ina kuka ina dariya, na biyu 5, na huɗu 6, akwai wanda ta rubuta, “Surutu ya yi yawa,” akwai inda ta rubuta, “Nan kin yi gaskiya.” Mafi yawan abin da na samu 8 ne. Na ƙarshen gyaran ya tsaya a shafi na 63, biron yana ciki.

A can ƙasan akwatin kuma littattafai ne masu baƙin bango guda bakwai, shida tsofaffi, ɗaya wanda na aika mata a 2021. Ta ɗaure su da igiya, ta saƙala 'yar takarda a jiki: “Kishiya ta ƙona da hannunta. Kada a buɗe.” Matar da ta ce ba a ƙona littafi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na kwana da su a gefen katifata ban runtsa ba. Ni marubuciya ce, na san abin da ke cikin nan ya fi duk abin da zan ƙaga har in mutu, wasiƙun matan ƙasar Ruma na shekara sittin, kuma zuciya ta yi ta raya mini cewa tarihi ne, cewa abin da aka yi wa mutanenmu a shekarun nan ya kamata duniya ta sani, cewa wannan karon zan iya ɓad da kama yadda ba mai ganewa. Har na sa yatsa a ƙullin igiyar. Da aka kira assalatu na tashi na yi alwala, na fita tsakar gida inda aka girka tukwanen sadaka jiya, akwai sauran garwashi a murhu. Na ƙara kara na hura, na sa su ɗaya bayan ɗaya da igiyarsu, bangon yana da kauri, sai da na yi ta juyawa da itace. Gwaggona ta fito da buta ta tsaya tana kallona, ta ce hayaƙin me ke nan da sassafe, na ce aiken Inna ne. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ta ce amin, ta ɗauko tukunyar koko ta ɗora a kan wutar.